Ko Wake Zai Iya Tsayawa A Madadin Nama?

Duk wanda ya bi ta Ƙofar Dukawuya, a yammacin badalar Kano, ba da nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ba, zai lura cewa tun daga hantsi har bayan isha'i ba a rasa tukunya ko kasko a kan wuta a bakin lungu. Da hantsi mai ɗanwake ce da mai garau-garau, da yamma kuma sai mai awara da mai ƙosai su karɓi fili. Ɗalibai da masu adaidaita sahu da leburori su ne yawancin masu saye. Idan aka leƙa kwanukansu, da wuya a ga tsoka ko guda. Babu wanda ya haramta musu nama, aljihu ne ya yi hukunci. A tsakiyar shekarar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tsadar kayan abinci a Nijeriya ta ƙaru da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, kuma nama na daga cikin abin da magidanci ke fara cirewa daga cefane idan abu ya yi tsanani.

A wani ɓangaren na duniya kuwa, akwai masu kuɗin sayen nama amma sun bar shi da gangan. A shekarar 1944 wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiya a Ingila ta mutanen da ba sa cin duk abin da ya fito daga dabba, wato nama da kifi da ƙwai da nono, suka kira kansu "vegan". Wannan ra'ayi ya yaɗu har ya kai Hangari, ƙasar da ke tsakiyar Turai, wadda abincinta na alfahari shi ne gulash. Kalmar a harshensu tana nufin makiyayin shanu, domin asalinsa farfesun naman sa ne da makiyaya ke dafawa a daji, daga baya aka riƙa zuba masa jan garin tattasai da suke kira paprika. A Budafest, babban birnin ƙasar, akwai gidajen abinci da ake dafa gulash da wake, ko naman kaza, ko awara, babu ko ƙashi a cikin tukunya, mutane su yi ado su je su biya kuɗi masu kauri. Sai dai talakan Hangari ya riga su. Tun da daɗewa yana da abin da yake kira "gulash na ƙarya", wato romon dankali da albasa da paprika wanda ake yi ranar da babu halin nama. Ashe garau-garau yana da 'yan'uwa a Turai.

Ko mutum ya bar nama don ra'ayi ko don rashi, tambayar da jikinsa zai yi masa ɗaya ce: shin abin da ke cikin kwanon nan zai wadatar wajen gina tsoka da jini da ƙwaƙwalwa? Masana ilmin halitta sun shafe fiye da shekara 100 suna bin diddigin wannan tambaya.

Abin da jiki ke nema a nama

Babban abin da ake cin nama dominsa shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Da shi ake ƙera tsoka da fata da gashi, da jan sinadarin da ke ɗaukar iska a cikin jini, da dakarun da ke yaƙi da cuta. Furotin kuwa sarƙa ce da aka ƙulla da wasu ƙananan sinadarai da ake kira amino asid, iri 20. Yadda baƙaƙe kaɗan ke haɗuwa su ba da dubban kalmomi, haka waɗannan 20 ke jeruwa ta hanyoyi daban-daban su ba da dubban nau'in furotin. Idan mutum ya ci tsire, ciki da hanji ba sa ɗaukar naman su liƙa a damtsensa. Warware sarƙar suke yi ɗaiɗai, jini ya kwashi amino asid ɗin, sannan jiki ya sake ƙulla tasa sarƙar yadda yake bukata. Saboda haka da zarar an wuce hanji, jiki ba ya tantance wanda ya fito daga rago da wanda ya fito daga wake.

Daga cikin 20 ɗin nan, jikin ɗan Adam yana iya haɗa 11 da kansa. Sauran 9 kuwa dole a ci su a abinci. A nama da ƙwai da nono ana samun duka 9 a ma'aunin da ya yi kusa da bukatar jiki. A tsirrai ma duka suna nan, sai dai ma'aunin ne ba daidai ba. A shekarar 1914 wasu masana biyu a Amurka, Thomas Osborne da Lafayette Mendel, suka ciyar da 'ya'yan ɓeraye da wani furotin da suka tace daga masara. Ɓerayen suka ƙi girma, suka riƙa ramewa. Da aka ƙara musu amino asid biyu, laisin da tiriftofan, sai suka murmure suka ci gaba da girma. Misalin wannan kamar tela ne da aka jibge masa yadi, amma zaren da aka ba shi na riga biyu ne kawai. Riga biyun zai ɗinka, sauran yadin ya zauna a banza. Haka jiki ke yi: idan laisin ya ƙare, ginin ya tsaya, sauran amino asid ɗin sai a ƙone su a matsayin makamashi.

Hatsi duka, wato gero da dawa da masara da shinkafa da alkama, suna da ƙarancin laisin. Babban mutum yana bukatar kimanin miligiram 45 na laisin a kowane giram na furotin da ya ci. Dawa tana ba da wajen 20 ne kacal. Wake kuwa yana ba da fiye da 60, amma shi kuma yana da ƙarancin wani amino asid mai suna metiyonin, wanda hatsi ke da shi daidai gwargwado. To, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Idan aka haɗa su, rarar wannan ta cike giɓin wancan. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, kunu da alale, tuwon dawa da miyar wake, duk wannan lissafi ne da iyaye mata suka warware a madafa tun kafin a san sunan laisin. Ba lallai ne kuma a ci su a kwano ɗaya ba, in dai an ci su a yini guda ya wadatar ga babba.

Akwai wani wuri da ake yawan kuskure. Gyaɗa dangin wake ce, kuma ƙuli-ƙuli cike yake da furotin, kusan rabin nauyinsa. Amma furotin ɗin gyaɗa shi ma bai wadata da laisin ba. Saboda haka gurasa bandashe, wadda alkama ce da garin ƙuli, tana ƙara yawan furotin, amma ba ta gyara ma'auni kamar yadda wake ke yi.

Ga ɗan lissafi da malami zai iya sa ɗalibai su yi a allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta bukatar babban mutum a kan giram 0.83 na furotin a kowane kilo na nauyin jikinsa a rana, ta matashi mai tasowa kuma ta ɗara haka kaɗan. Ɗalibi mai nauyin kilo 50 yana neman kusan giram 45 ke nan. Giram 100 na busasshen wake yana ba da kimanin 24, giram 200 na ɗanyar shinkafa kuma kimanin 14. An tashi 38, saura kaɗan, wanda 'yan ƙwayoyin ƙuli-ƙuli za su cike. Da giram 300 ɗin nan duka shinkafa ce, 21 zai samu. Da garin rogo ne, ba zai kai 5 ba, ko da yake cikinsa zai cika fal.

Wannan lissafi na ƙarshe shi ne abin dubawa game da ɗanwake. Sunansa ya nuna asalinsa, amma saboda tsadar wake, a wurare da yawa alabo da fulawa sun rinjaye shi a cikin ƙullin, wani ma sai dai a ce an gitta masa wake. Ga ido da harshe bai sauya sosai ba, domin kuka da kanwa da mai da yaji suna nan. Ga jikin yaron da ya dogara da shi a matsayin abincin rana kuwa, ɗanwaken da babu wake ɗanrogo ne kawai. Kanwar ma idan ta yi yawa tana lalata bitamin B1 da ke cikin garin.

Daga ina wake ya samo wannan arziki?

Kusan kashi 16 cikin 100 na nauyin furotin sinadarin naitirojin ne. Iskar da ake shaƙa kashi 78 cikin 100 naitirojin ce, amma babu dabba ko tsiro da ke iya amfani da ita kai tsaye. Gero da dawa sai sun jira abin da taki ya bari a ƙasa. Wake da danginsa kuwa suna da abokan hulɗa. Idan aka tuge wake mai fure aka wanke saiwar, za a ga 'yan ƙullutu manne da ita, kamar ƙwayar dawa. A cikinsu akwai bakteriya mai suna raizobiyam, wadda ke kama naitirojin daga iska ta mayar da shi abin da tsiro zai iya sha, shi kuma tsiron ya biya ta da sukari. Idan aka tsaga ƙullutun da reza aka ga cikinsa ja-ja, alama ce yana aiki, kuma jan nan ɗan'uwan jan jinin mutum ne a wajen ƙira. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware wannan bakteriya a 1888. Manomin ƙasar Hausa da ke shuka wake a tsakanin kunyoyin gero yana cin moriyar wannan hulɗa, kuma abin sha'awa, shukokin da suka dace da juna a gona su ne suka dace da juna a kwano. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kamar yadda buhunan da ke jibge a kasuwar Dawanau ke shaidawa.

Awara, baƙuwar da ta zama 'yar gari

Dattawan Dukawuya ba su tashi da awara ba. Waken suya ɗan asalin ƙasar Sin ne, kuma Sinawa sun fi shekara 1,000 suna yin awara da shi, wadda duniya ta sani da sunan tofu. An fara gwada shuka shi a Nijeriya a 1908, daga baya ya karɓu a ƙasar Tibi ta jihar Binuwai ta yanzu, inda aka daɗe ana noma shi don fitarwa waje. Bai shiga tukunyar gida da sauƙi ba, domin idan aka dafa shi kamar wake ba ya nuna da wuri, ga kuma wani ƙarni da yake da shi. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA, wadda aka kafa a Ibadan a 1967, ta samar da irin da ke ƙulla hulɗa da bakteriyar ƙasar Afirka ba tare da an sa masa magani ba, kuma daga 1987 ta shiga aikin koya wa mata hanyoyin sarrafa shi a gida. Sunan awara kansa daga "wara" yake, wato cukun nonon shanu a bakin Yarabawa. A wasu wuraren ana ce mata ƙwai da ƙwai.

Waken suya ya fi kowane wake furotin, tsakanin kashi 36 zuwa 40 cikin 100, ga mai kusan kashi 20. Ɗanyen naman sa kuwa kimanin kashi 20 ne, sauran yawanci ruwa. Sai dai kada a ruɗu da wannan kwatanci, domin awarar da aka gama ita ma ruwa ne ya fi yawa a cikinta, furotin ɗinta bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba.

Kowane mataki na aikin mai awara yana da dalili a kimiyyance, ko ta sani ko ba ta sani ba. Takan jiƙa waken, ta kai inji a markaɗa, ta tace da ƙyalle, dusar ta ba dabbobi, madarar kuma ta ɗora a wuta. Tafasawar nan ba don daɗi kaɗai ba ce. A cikin ɗanyen waken suya akwai wani sinadari da ke toshe aikin tirifsin, ruwan da ke narka furotin a hanji, kuma zafi ne ke karya shi. Madarar da ba ta tafasa sosai ba tana ɓata ciki, ga shi jiki ba zai amfana da ita yadda ya kamata ba. Bayan ta tafasa sai a zuba ruwan tsami, wanda aka tsiyaye daga gasara, ko jiƙon tsamiya, ko lemon tsami. Nan take madarar ta tsinke, farin ya dunƙule ya taso, ruwa ya ware. Abin da ya faru shi ne, ƙwayoyin furotin da ke yawo a cikin madara duka suna ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya, don haka suna ture juna, kamar yadda bakin maganaɗisu biyu masu kama ke ƙin haɗuwa. Tsami yana kashe wannan caji, sai su rungumi juna su kama mai da ruwa a tsakaninsu. Haka nono ke zama kindirmo. Sinawa da Jafanawa sukan yi amfani da gishirin kalsiyam ko na maganiziyam a maimakon tsami, kuma awarar da aka ɗaure da kalsiyam ta fi amfani ga ƙashi. Daga nan sai a juye a buhu, a danne da dutse, a yanka, a soya. Kofi ɗaya na madarar waken suya mai zafi da rabin lemon tsami sun isa a nuna wa aji wannan darasi cikin minti biyar.

Wurin da awara ke samun tangarɗa shi ne kasko. Man da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana kumfa ya riga ya lalace, kuma awara tana shan mai kamar soso.

Ɗanɗano kuwa wata matsala ce ta daban, wadda masu dafa gulash ba nama suka fi fama da ita. Gardin romon nama ya samo asali ne daga wani amino asid mai suna gulutamet, wanda Kikunae Ikeda na Japan ya gano sirrin ɗanɗanonsa a 1908. Kukun Budafest yana neman sa a naman kaza da tumatir. Ƙasar Hausa tana da daddawa. Idan aka dafa kalwa aka rufe ta kwana biyu ko uku, wata bakteriya mai suna Bacillus subtilis tana warware furotin ɗinta, gulutamet ya fito fili. Shi ya sa miyar kuka mai daddawa ke gamsar da harshe ko babu ƙashi a cikinta.

Tattasai da sinadarin ƙarfe

Furotin ba shi kaɗai nama ke bayarwa ba. Akwai sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata, wanda ƙarancinsa ke sa 'yan mata masu tasowa da masu juna biyu kasala da jiri da ɗashewar ido. Wake da zogale da alayyafo suna da shi, amma hanji ba ya tsotsar na tsirrai da sauƙi. Daga na nama jiki yakan ɗauki kashi 15 zuwa 35 cikin 100, daga na tsirrai kuwa kashi 2 zuwa 20, saboda wani sinadari mai suna fayitet da ke cikin hatsi da wake yana riƙe shi. Jiƙawa da tsimawa suna rage fayitet. Abin da ya fi taimakawa kuma shi ne bitamin C, idan aka ci shi tare da abincin.

A nan Hangari ta sake shigowa labarin. Masanin da ya tabbatar da ko mene ne bitamin C, Albert Szent-Györgyi, ɗan ƙasar ne, kuma a 1932 yana aiki a jami'ar garin Seged, cibiyar noman paprika. Yana neman inda zai samu sinadarin da yawa ya rasa. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, wani dare matarsa ta kawo masa ɗanyen tattasai a abinci, bai so ci ba, bai kuma so ta ji haushi ba, sai ya ce zai tafi da shi ɗakin gwaje-gwaje. Da ya auna, sai ya tarar tattasan maƙare yake da abin da yake nema. Cikin 'yan makonni ya tace fiye da kilo guda, ya rarraba wa masana a ƙasashe, kuma a 1937 aka ba shi lambar yabo ta Nobel. Ɗanyen jan tattasai ya ninka lemon zaƙi wajen bitamin C.

Saboda haka 'yan yankan kabeji da tumatir da tattasai da mai awara ko mai garau-garau ke barbaɗawa a kai ba kwalliya ba ce kawai, kuma wanda ya ce a bar masa su ya rage wa kansa. Garin yaji ba zai yi wannan aiki sosai ba, domin shanya da daka da ajiya suna cinye yawancin bitamin ɗin. Shayi kuwa akasin haka yake yi: baurin ganyensa yana kama sinadarin ƙarfe, don haka gara a jinkirta shi kamar awa guda bayan cin abinci.

Abin da tsiro ba zai bayar ba

Saura abu ɗaya wanda duk dabarar haɗe-haɗe ba ta samar da shi, wato bitamin B12. Babu tsiron da ke yin sa, babu kuma dabbar da ke yin sa. Bakteriya da danginta ne kaɗai ke ƙera shi. Saniya da akuya suna samun nasu daga bakteriyar da ke cikin tumbinsu, ya taru a hanta da tsoka ya fita a nono. Mutum ma yana da irin wannan bakteriya, amma a can ƙarshen hanji take, bayan an wuce inda ake tsotsar bitamin ɗin. Bukatar babba ba ta taka kara ta karya ba, maikirogiram 2.4 a rana, wato kashi 2.4 cikin miliyan na giram. Hanta kuma tana ajiye na shekaru. Wannan ajiya ce ke yaudarar mutane, domin wanda ya daina cin abin dabba zai iya shekara biyu ko uku garau kafin alamu su bayyana: ƙarancin jini, jin kamar ana tsira masa allura a tafin hannu da ƙafa, mantuwa, tangaɗi a tafiya. Idan ɓarnar ta daɗe a jijiyoyi, wani lokaci ba ta gyaruwa.

Masu cin gulash ba nama a Budafest sun san da wannan, ƙungiyoyinsu ma suna gargaɗin mabiyansu su riƙa shan ƙwayar B12 ko cin abincin da aka ƙara masa shi a masana'anta. Wanda ke cikin haɗari shi ne wanda talauci ya raba da nama da nono ba tare da wani ya gaya masa abin da ya rasa ba. Mafi rauni shi ne jinjirin da ke shan maman uwar da ajiyarta ta ƙare, domin shi ba shi da tasa ajiyar, ga ƙwaƙwalwarsa tana tsakar girma. Sai kuma yaron da aka yaye da koko zalla, wanda ba B12 kaɗai zai rasa ba, har furotin. Likita Cicely Williams ta bayyana ciwon irin waɗannan yara a Gana a 1933, masu kumburin ƙafa da jan gashi, ciwon da aka san shi da sunan kwashiyoko daga harshen mutanen Ankara. Cokali biyu na garin soyayyen waken suya a cikin kokon yaro suna gyara furotin ɗinsa, amma ba sa ba shi B12, kuma daddawa ma ba abin dogaro ba ce a nan.

Gyaran ba ya bukatar tsire. Kofi ɗaya na nono yana ba da kusan rabin bukatar babba ta yini, ƙwai ɗaya kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar, shi ya sa awarar da aka tsoma a ruwan ƙwai kafin suya ta ɗara wadda aka soya haka nan. Busasshen kifi a miya yana taimakawa. Hantar sa kuwa, yanka ɗaya mai nauyin giram 30 yana ɗauke da abin da zai ishi mutum mako guda.